Kanta Mai Araha: Yadda Ake Ɗaga Kaya Daga Ƙasa a Illela

Ranar Lahadi ce kasuwar Illela ke ci. Tun da hantsi motoci ke kwararowa daga Sakkwato ta Kware da Gwadabawa, wasu daga Gada da Tangaza, wasu kuma su tsallako daga Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, wanda tsakaninsa da Illela 'yan kilomitoci ne kawai. Shanu da raƙuma da tumaki ne suka yi wa kasuwar suna, sai hatsi da albasa da kayan masarufi. Amma wanda ya dakata har la'asar sakaliya, lokacin da 'yan tireda ke haɗa kaya, zai ga wata dukiya da ba a cika yi mata kuɗi ba: kwalayen taliya da na sabulu, igiyoyin da aka kwance daga lodi, buhunan da suka yage a baki, da guntayen katakon da aka tokare kaya da su a cikin tirela. Yara su kwashi wasu su kai wa masu tuya su hura wuta, awaki su cinye kwalin da ya rage, iska ta watsa saura cikin kwata.

A gidaje da yawa da masu cin kasuwar nan za su koma, kaya a ƙasa suke kwana. Kwanuka a ƙarƙashin gado, littattafan yara a cikin buhu, magani a bakin taga, kwalbar kananzir a lungu inda mai rarrafe ke kaiwa. Matan gidan na shara safe da yamma, wurin ajiya ne babu, kabad kuma ya fi ƙarfin aljihu. Alhali rabin abin da ake zubarwa a kasuwa ya isa a kafa wa ɗaki kantar da za ta ɗauke kayan nan daga ƙasa, idan an san yadda ake yi, kuma idan an daina jin kunyar yin.

Abin da ya sa katako ya hau

Illela ba ta da dajin katako. Ƙasa ce ta rairayi, ta gawo da aduwa da darbejiya, kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato. Falankin da kafinta ke yanka a nan daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, ya yi ɗaruruwan kilomitoci a bayan mota kafin ya iso. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi Ibadan da Ilorin da Jebba da Kontagora da Yawuri da Jega da Sakkwato, a Illela ta ƙare. Wato mutumin Illela shi ne na ƙarshe a layi, kuɗin motar kowane zango a kansa yake sauka.

Sai kuma abin da ya sami naira. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma. Cikin 2024 ta haura 1,500. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ƙusa da gam da fenti da gilashi da marfin durowa, duk suka bi sahu. A garin iyaka abin ya zo da wani salo: sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, don haka jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, mai saye daga tsallake ya zo da ƙarfinsa, ɗan gari yana kallo.

Ita kanta iyakar ba ta zauna lafiya ba. Gwamnatin Buhari ta rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai ranar 16 ga Disamba, 2020, inda Illela ta shiga cikin ƙofofi huɗu na farko tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake garƙame ta, har zuwa watan Maris na 2024. Garin da abincinsa ke kan shige da fice, idan aka rufe ƙofa, mai lodi da ɗan kabu-kabu da mai shayi duk aljihunsu ya bushe. Wanda ke neman kuɗin tiyar gero ba ya zancen kabad.

Duk da haka aure ba ya jira. Uwa za ta je shagon kafinta da 'yan kuɗin da ta tara daga adashi da kiwon tumaki, ta tambayi kuɗin gado da sif da kabad mai gilashi. Amsar da ake ba ta kusan ɗaya ce a kowane shago: Hajiya, katako ya hau. Ta taya, ya ce albarka, ta ƙara, ya ce Allah ya ba mu alheri. A ƙarshe ko ta ci bashi, ko a yi mata na dusar katako da aka manne, wanda damina ɗaya ke kumbura shi. Nauyin kayan biki ya kai har Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da dokar taƙaita kashe kuɗi a bukukuwan aure da suna a 2023. Doka na iya hana almubazzaranci a fili, amma ba ta shiga ɗakin amarya ranar jere, inda gwaggo da inna da maƙwabta ke zagayawa da ido. A nan ne ake yanke wa iyaye hukunci.

Kafin zuwan kabad

Ɗaga kaya daga ƙasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu suna da ragaya, wadda ake saƙawa da igiyar kaba ko ta rama, a rataye ta a azara, a ɗora ƙwaryar nono ko ta fura inda kyanwa da ɓera da tururuwa ba su kaiwa. Magini kan bar alkuki a jikin bango tun yana ɗora tubali, wurin ajiye fitila da kwalli da allura. Akan kafa maratayi na icce don tufafi da baka da kwari. Malami kuma ba ya barin Alƙur'ani a ƙasa: yana cikin gafaka, gafakar tana rataye a turke. A yankin da ya gaji rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u, ba a bukatar a gaya wa kowa darajar takarda. Da yawa daga littattafan hannu da suka iso gare mu sun tsira ne saboda an nesanta su da ƙasa, inda gara da danshi suke.

Jere ma da ƙore da akusa da tasoshi aka fara shi, a kan dakali ko gadon kara. Kwanuka masu zanen fure, wato kwalla da kumbo da langa da fanteka, sun yawaita ne a zamanin Turawa, daga baya aka soma ƙera su a cikin ƙasa. Kamfanin Nigerian Enamelware da ke Ikeja tun 1960 aka kafa shi. Da kwanuka suka yi yawa sai aka nemi inda za a jera su, kanta ta shigo, bayanta kabad, bayansa mai gilashi da madubi. Kowane zamani da abin da yake ɗauka a matsayin cikar ɗaki, kuma kabad ɗin da ake ganin dole ne a yau bai fi shekarun kakanninmu tsufa ba.

Akwai masu cewa araha ba ta ado. Ni ban yarda da wannan ba a kan maganar kanta. Kantar da aka auna daidai, aka goge, aka lulluɓe da ƙyalle mai kyau, aka jera mata kwanuka shida masu sheƙi, ta fi kabad ɗin da ƙofarsa ta karkace gilashinsa ya tsage kyan gani nesa ba kusa ba. Abin da ke ɓata araha shi ne aikin ganganci.

A fara da bango

Kafin a sayi ƙusa ko ɗaya, a dubi bangon. A Illela iri biyu ne: na ƙasa da na bulo, kuma kowanne da halinsa.

Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa. Ka buga ta yau, ka ɗora kaya, bayan mako ta fara lilo, ƙasa na zubowa a gindinta. Abin da yake riƙewa shi ne turke: icce busasshe mai kaurin babban yatsan ƙafa ko fiye, a fiƙe bakinsa, a shigar da shi cikin bango kamar taƙi guda, bakin waje ya ɗan kalli sama don kada falanki ya zame. A cike gefensa da kwaɓaɓɓiyar laka, a bar ta kwana biyu ta bushe kafin a ɗora komai. Reshen darbejiya da aka sassabe ya wadatar, ba sai an sare itace ba, ga shi gara ba ta cika son sa ba. Wanda ke sabon gini ya fi kowa sa'a, don zai iya gaya wa magini ya binne turakun ko ya bar alkuki tun ana ɗora tubali, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Idan bangon siriri ne ko ya fara tsagewa, kada a rataya masa nauyi ko kaɗan, a yi kanta mai ƙafafu a jingina ta.

Bulo kuwa yaudara gare shi. Na inci 6 da na inci 9 da ake ginawa da su galibi masu rami ne a ciki, kuma wanda aka yi wa rowar siminti da yatsa ma yana marmashewa. Ƙusar kankare ta fi kamawa a layin da bulo ya haɗu da bulo, inda kwaɓin siminti yake. A ƙwanƙwasa bango da guduma a hankali: inda ya yi ƙara kamar ganga rami ne, inda ya amsa a dunƙule nan ne wurin bugu. Kada a buga ƙusa a saitin soket ko makunnin fitila, sama ko ƙasa, domin ta nan waya ke bi a cikin bango, ko da kuwa an kwana biyu ba a kawo wuta ba.

Daidaita layi ba ya bukatar kayan injiniya. Birkiloli na amfani da siririn tiyo mai haske da aka zuba wa ruwa: duk inda ruwan ya tsaya a baki biyu, tsayinsu ɗaya. Wanda ba shi da tiyo ya kwantar da gorar ruwa da ba ta cika ba a kan falankin, ya duba ko ruwan ya taru a gefe guda. A yi alama da gawayi, a sake aunawa, sannan a buga.

Falanki ɗaya, kanta huɗu

A wurin 'yan katako, falankin da aka fi sani shi ne mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Idan aka yanka shi ƙafa uku-uku, kanta huɗu ke nan. Maƙwabta biyu na iya haɗa kuɗi su raba, ko mace ta tambayi kafintan unguwa guntayen da suka rage daga aikin ƙofa da benci, waɗanda sau da yawa a murhu suke ƙarewa.

Dalilin tsayawa a ƙafa 3 lissafi ne da kowane kafinta ya sani da hannu, ko bai san shi a takarda ba. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin matokarai biyu, aka cika kantar da kaya iri ɗaya daga gefe zuwa gefe, lotsawar tsakiyarta tana ninkuwa sau 16. Idan kuma aka ninka kaurin katakon, ƙarfinsa na ƙin lanƙwasa yana ninkuwa sau 8. Shi ya sa doguwar kantar da ake yi wa shagon magani ko na tireda da siririn filawud take yin ciki cikin 'yan watanni. Maganin abin ba tsada: a ƙara matokari a tsakiya, ko a buga siririn katako a tsaye a bakin kantar daga gefe zuwa gefe. Wannan ɗan bakin yana ƙarfafa ta, yana kuma hana kwano gangarowa.

Matokarin kansa guntaye uku ne. Ɗaya ya kwanta a jikin bango, ɗaya ya miƙo ya tallafi falanki, na uku ya haɗa bakinsu a karkace. Idan na bango inci 12 ne, na sama inci 9, to tazarar bakinsu ta zama inci 15. In ta yi haka kusurwar ta daidaita, kantar ba za ta sunkuya ba. A lura cewa ƙusar sama ce ke shan wahala, domin nauyi yana fizgo ta waje, ta ƙasa kuwa danna ta yake yi cikin bango. Don haka ƙusa mafi tsawo a sama za a sa ta. Masu walda na yin irin wannan matokari da guntun rodi, kuma ga littattafai da buhun gari na ƙarfe ya fi.

Katakon da ake shimfiɗa wa kaya a tirela da kwantena yana da kyau, kuma a garin iyaka ba ya wuyar samu. Sai dai a duba hatimin da ke jikinsa. Mai haruffan HT da zafi aka kashe masa ƙwari, ba shi da illa. Mai haruffan MB da hayaƙin guba aka yi masa, kada a ɗora masa abinci, kada a hura wutar girki da shi. Wanda mai ko wani ruwan da ba a sani ba ya jiƙa, a bar shi inda aka gan shi.

Ga wanda ke zaman haya, ko wanda rashin tsaro ya raba da ƙauyensa ya zo gari yana raɓe a ɗaki guda, kamar yadda ya sami iyalai da yawa a gabashin jihar, kantar rataye ta fi dacewa. Ita ce jikar ragaya. A huda falanki a kusurwa huɗu, da na'urar huji ko da rodin da aka gasa ya yi ja. A zura igiya, a ƙulla a ƙarƙashin kowane rami, a bar taƙi ɗaya da rabi, a sake ƙulli, a zura falanki na biyu. A rataye a azara ko a katakon rufi. Ba a taɓa bangon mai gida ba, ranar tashi kuma a naɗe ta a ɗaura bayan babur. Igiyar leda ta fi jure nauyi, a ƙona bakinta kada ta warware. Ta kaba ta fi kyau a ido amma tana bukatar a riƙa duba ta, don zafin bazara na sa ta tsinke.

Kwali da kara da jarka

Kwali ɗaya ba ya ɗaukar komai, amma biyar da aka manne suna ba da mamaki. A yanka su girma ɗaya, misali taƙi biyu a tsawo, ɗaya a faɗi. Idan aka dubi bakin kwali za a ga ramuka a jere. A shimfiɗa na farko ramukansa na tafiya a tsawo, na biyu a gicce, haka har a gama. Farin gam na kafintoci ya fi kunun fulawa ko na rogo, domin kunu yana gayyato kyankyaso da gara. A danne da bulo ko turmi a bar shi ya kwana. Washegari a lulluɓe shi da ledar tebur ko ƙyallen atamfa daga wurin tela, a ja shi ya miƙe sosai, a manne ta ƙasa. Yarinya 'yar firamare na iya wannan aiki da almakashi, kuma in ta yi da hannunta za ta kula da shi.

Amma daidai ruwa daidai tsaki. Kantar kwali ta turare ce da man shafawa da madubi da carbi da waya da caja. Ba ta tukunya ba ce, ba ta kusa da murhu ko fitilar ƙwai ba, kuma bangon da ke tsattsafo da ruwa da damina zai kashe ta cikin mako.

Kara ya fi kwali daɗewa a hannunmu. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ko kejin tsuntsu ya riga ya san aikin. Bayan kaka a zaɓi karan dawa masu kauri da suka bushe sarai, a feƙe ganyen, a yanka su tsawo ɗaya, a jera kamar goma sha biyu, a saƙe su da kaba a wuri uku yadda ake saƙa asabari, a ɗaura wasu biyu a gicce ta ƙasa. A ɗora kan turaku. Tana ɗaukar faifai da ludayi da ƙananan ƙore, iska na ratsa ta, don haka kwanon da aka wanke yana bushewa a kanta. Shekara ɗaya ko biyu take yi, in ta gaji a sake wata, ba a yi asarar komai ba.

Jarka kuma Illela ba ta rasa ta. Rawayar nan mai cin lita 25, idan ta fashe a gindi, a yanke mata gefe ɗaya a bar mariƙin, a rataye a ƙusa, ta zama ma'ajiyar albasa ko sabulu ko takalman yara. Ta man girki ake nufi. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, wanki ba ya fitar da abin da roba ta sha, kada ta kusanci abinci.

Game da fenti, a yi hattara da tsohon katakon da aka shafa wa fentin mai, musamman ja da rawaya, domin wasu na ɗauke da dalma. Mutanen wannan yanki ba su manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Idan za a goge irin wannan katako, a yi a waje, a jiƙa shi, a kori yara. Baƙin man inji da ake shafawa don gara, a tsayar da shi a ƙafafun kanta da turaku, kada ya hau inda abinci zai zauna.

Kantar da ta fi kowace muhimmanci

A gidaje da yawa kananzir yana cikin gorar lemo, fiya-fiya a cikin kwalbar da ba ta da suna, shinkafar ɓera a ƙulle a leda a bayan ƙofa. Yaro ɗan shekara biyu da ƙishirwar bazara ta kama ba ya bambance gorar ruwa da ta kananzir. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni saboda yawan rayukan da ake rasawa, amma maganin ƙwari bai bar gidaje ba, don sauro bai bari ba, manomi kuma dole ya adana wakensa. Falanki mai tsawon taƙi biyu da aka kafa sama da ƙafa 5, nesa da gado da taga da duk abin da yaro zai taka, yana iya raba gida da makoki. Idan kuma tsautsayi ya faɗa yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti. Aman ne ke tura man cikin huhu.

Maganin asibiti shi ma sama ya kamata ya zauna, a kantarsa dabam da ta guba. Sai dai kada a kai shi dab da rufin kwano. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 30, a Illela kuwa zafin Afrilu da Mayu yana haura 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka. Bangon da rana ba ta duka da yamma shi ya fi.

Littattafai kuma kada a manna su da bango. A bar tazarar yatsu biyu, a riƙa leƙa bayansu kowane wata. Da an ga siririyar hanyar laka tana hawa, gara ta iso, a kankare ta a bi ta har gindi.

Kanta mai ƙafafu da kabad ma suna da nasu haɗarin, domin yaro na ɗaukar su tsani. Ba matsalar talaka kaɗai ba ce: a 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowa miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun kife a kan yara sun kashe su. Duk abin da ya fi yaro tsawo a ɗaure samansa da bango da waya ko igiya, kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kuma kada a kafa kanta a saitin kan mai barci.

Akwai kuma abinci a cikin sana'ar yin kanta ga wanda ya lura. Yaran kafintoci da ke wuni suna jiran maigida ya samo aikin gado na iya tara guntaye su yi ƙananan kantoci da matokaransu, su kai kasuwar Illela, su kai ta Ƙonni ranar Laraba, inda sefa ke da daraja. Mai shayi na bukata, mai cajin waya na bukata, malamin makarantar allo da na islamiyya na bukata. Cibiyoyin koya wa mata sana'a da ke tsayawa a ɗinki da sabulu da man shafawa, babu abin da zai hana su ƙara awo da zarto da guduma, ko da na mako biyu ne. Makarantun firamare kuma su mayar da darasin aikin hannu na gaskiya, yaro ya kawo abin da ya ƙera, a daina karɓar kuɗi ko tsintsiyar kasuwa a madadinsa.

Kira na musamman ga iyaye mata da ke zuwa ganin ɗaki: idan kuka tarar da amarya da kanta uku a bango maimakon kabad, ku sa albarka, ku yaba jeren, ku bar uwarta ta yi barci babu bashi a kanta. Kai kuma maigida, in ba za ka iya komai daga cikin abin da aka lissafa ba, ka nemi guntun falanki ɗaya da ƙusa huɗu a makon nan, ka kafa shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, ka kwashe kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera ka ɗora a kai.